Ɗigon 'ya'yan garehul: abin da ke cikin kwalbar

Ana sayar da shi da sunan ruwan da aka tatso daga 'ya'yan da ke cikin garehul, a 'yar kwalba mai bakin ɗigo, ruwa ne mai kauri da ɗaci, an cakuɗa shi da gilisarin. Masu talla na cewa yana kashe bakteriya da fungas, daga ciwon baki har makero da ƙaiƙayin gaba.

A ɗakin gwaji kam yana aiki. Idan aka jiƙa 'yar takarda da shi aka ɗora a faranti da aka shuka bakteriyar Staphylococcus aureus ko fungas ɗin Candida albicans, za a ga fili ya buɗe kewaye da takardar, ƙwayoyin sun kasa tsirowa. Abin tambaya, mene ne ya kashe su?

A 1999 masu bincike a Jami'ar Greifswald ta Jamus sun gwada iri shida na kasuwa. Biyar sun yi ƙarfi, kuma a duka biyar ɗin an samu benzethonium chloride, sinadarin masana'anta na kashe ƙwayoyin cuta. Uku daga ciki har da triclosan da methyl paraben, su ma sinadaran hana ƙwayoyin cuta tsirowa ne. Na shidan, wanda babu gauraye, bai kashe komai ba. Haka ma wanda suka tatso da kansu daga 'ya'ya da tsokar garehul. Kenan ƙarfin na sinadarin da aka ɓoye ne, ba na itacen ba, kuma ba a rubuta shi a jikin kwalba.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Benzethonium na goge fata ne da kayan aiki, ba na sha ba. Ɗanyensa na ƙona baki da ido. A 2007 an ruwaito daga Suwidin cewa irin wannan ɗigon ya tsinka jinin masu shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, fiye da kima, har jini ya taru ƙarƙashin fatar ɗaya.

Mai makero a jiki gara ya nemi man clotrimazole na kashi 1 cikin 100, sau biyu a rana, mako biyu zuwa huɗu, ya ci gaba da shafawa ko tabon ya ɓace, don yankewa da wuri ke dawo da shi. Makeron kai kuwa man shafawa ba ya isa gindin gashi, sai likita ya ba da na sha.

Wanda ya nace sai ya sayi ɗigon, ya nemi takardar gwajin HPLC, wato gwajin tantance sinadaran da ke cikin ruwa, ta wani ɗakin gwaji daban, mai nuna babu benzethonium, danginsa benzalkonium ko triclosan. In an kasa kawowa, ya bar musu kayansu.