Dattijon bakaniken da ya gano ciwon birkin motata a Mabera

Sau uku na sauya fad ɗin birki na gaba, wato abin da ke matse faifan birki mota ta tsaya, cikin shekara guda, kuma kowane lokaci bakaniken da nake zuwa wurinsa cewa yake kayan yanzu ne ba su da aminci. Na yarda, don ban san komai a mota ba sai tuƙi. Corolla ce ƙirar 2008, da ita nake zuwa aiki daga unguwar Arkilla a Sakkwato, ran Asabar kuma in leƙa Inna a Tambuwal.

Wata Asabar cikin watan Afrilu, na wuce Boɗinga kaɗan sai na ji sitiyari na jan hannuna zuwa dama, ga wani ƙauri kamar an bar tukunya a wuta. Na tsaya, na tofa yawu a kan ƙarfen tayar gaba ta dama, ya yi cuu ya bushe nan take. Ta hagu kuwa na ɗora tafin hannuna lafiya lau. Wani direban tasha da ya tsaya taimakona shi ya kwatanta mini wannan dattijo a Mabera. Garejin ba shi da allo balle suna, inuwar dogon yaro ce da rumfar kwano da akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

Na isa da sabon fad a leda, na ce a ɗaura mini in wuce. Bai ko kalli ledar ba. Ya sa yaro ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya zaro tsofaffin fad biyu ya jera su a kan cinyarsa. Na ciki ya cinye saura ƙiris ya kai ƙarfe, na waje kuwa kamar jiya aka saya.

"Alhaji, taho ka gani," in ji shi. "Hwad ɗinka ba ya da laihi. Wa yas sa maka wanga giris?"

Ga yadda ya fahimtar da ni, kuma da na duba da idona na ga haka ne. Kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan birki, fistin ɗaya gare ta, a ɓangaren ciki. In ka taka birki, fistin ya tura fad na ciki, sai ita kalifar ta zame a kan wasu fin guda biyu ta janyo na waje, su matse faifan tare. In fin ya ƙage, zamewar ta tsaya. Na ciki ya ɗauki aikin shi kaɗai, kuma ko ka ɗaga ƙafa birkin ba ya saki gaba ɗaya. Daga nan zafin da ƙaurin suke, har da man da motar ta ƙara sha ina ta zargin gidajen mai.

Fin na farko ya fito da yatsa biyu. Na biyu sai da aka kama shi da filaya ana murzawa, dattijon na salati ƙasa-ƙasa. Da ya fito, tsatsa ce ja a jikinsa da wani baƙin abu mai tauri kamar ƙanzon tuwo. Robar da ke rufe bakinsa ta kumbura ta tsage. Baƙin giris ɗin nan da ake sa wa boris aka cusa masa, shi kuwa daga ɗanyen mai ake yin sa, kuma robar birki ba ta shiri da shi, kumbura ta yake yi. Da ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta kwaɓe da giris, ruwan damina ya zo ya ƙarasa. Wanda ya dace shi ne na silikon, mai jure zafi, wanda ba ya cin roba. Nasa a cikin akwatin nan mai kwaɗo yake, yaransa ba sa taɓawa sai yana tsaye.

Abin da ya saye ni shi ne hannunsa. Bai bar kalifar tana reto a jikin tiyon man birki ba kamar yadda na saba gani, ya rataye ta da waya. Ya goge fin ɗin da sanfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, ya naɗa tsumma a sanda ya share ramin sau wajen biyar. Ɗaya daga fin ɗin yana da zoben roba a kansa, ya mayar da shi ramin da ya fito, ya ce ba a musanya su. Giris kuma shafawa kawai ya yi, wai in ya yi yawa iska ta kulle a ƙasan ramin, fin ya ƙi shiga. Ya kuma ƙi yin gefe ɗaya ya bar ɗaya, duk da na nuna ina sauri. Kafin ya ba ni makulli, ya shiga ya taka birkin sau da yawa har ya yi tauri.

Sai dai a shirya wa zama. Na je ƙarfe tara, ban fito ba sai bayan la'asar. Ba ya ajiye kaya, duk abin da ake buƙata sai yaro ya hau kabu-kabu ya je ya sayo, kuma sau biyu yana dawowa da robar da ba ta wannan mota ba, kuɗin hawa a kaina. Wurin zama tsohuwar kujerar mota ce guda ɗaya da soso a waje, ga ranar Sakkwato ta Afrilu da ke haura digiri 40. Waya kuwa yana da ita, amma ɗauka sai ya ga dama. Da na yi ƙorafin jinkiri, cewa ya yi, "Ranka shi daɗe, birki na, ba rediyo ba." Na yi shiru.

Kuɗin hannunsa naira 8,000 ya karɓa na tayoyin gaba biyu, ban da robobin da fad ɗin da na zo da shi. Na nemi ragi ya ƙi, ni ma ban ja ba.

Wata biyar ke nan. Na je Tambuwal ba adadi, na je Illela sau biyu, mota na tafiya sambal, ƙaurin ya ɗauke. Makon jiya na sa an cire tayar wurin mai faci na leƙa, fad biyun suna ci daidai. Ya ce in riƙa kawo masa ita ƙarshen hunturu ya buɗe fin ɗin ya duba. Ya kuma nuna mini man birkina ya yi duhu kamar shayin Buzaye, ya ce man na tsotsar danshi a hankali, a zubar a sa sabon mai nau'in DOT 3 kamar yadda aka rubuta a murfin. Wannan har yau ban koma ba, ina jiran Asabar ɗin da Inna za ta yafe mini zuwa.