Inshorar kyamara ga mu masu ɗaukar hoto don sha'awa: sun biya ni, amma ba kamar yadda ejan ya tallata ba

Na farko dai a nan ƙasar in ka shiga ofishin inshora kace kana son yiwa kyamara inshora kallonka zasu tsaya yi, don babu wani tsari mai wannan sunan a teburinsu, su mota suka sani da gobara da kayan da ake ɗaukowa daga tashar ruwa ta Apapa. Abin da zaka nema shi ne wanda suke kira All Risks, nan ake sa ƙananan kaya masu tsada da mutum ke yawo dasu, laftof, waya, agogo, gwal ɗin mata, to a nan kyamara da lensi suke samun gurbi. In baka faɗi wannan sunan ba sai a yi ta turaka daga wannan tebur zuwa wancan.

Ni ba sana'ata bace hoto, aikin ofis nake a Kano, hoton na ƙarshen mako ne da lokacin hutu. Kayana kyamara ce Canon 80D ta hannu, da lensin 18-135 da ta zo da shi, da ɗan ƙaramin 50mm ɗin nan da kowa ke da shi, sai babban wanda ya fi komai cin kuɗina, Sigma 150-600mm, shi na saya saboda tsuntsayen da suke sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru da hunturu, musamman wajen Dagona. Duk wanda ya tara irin wannan kaya da albashi ya san ba shekara ɗaya ake yi ba, kuma in ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Ta ɓangaren takaful na bi, wato inshorar Musulunci, don ni kamar yawancinmu inada ɗar-ɗar da inshorar gargajiya saboda maganar riba da garar, wato rashin tabbas a cikin ciniki. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da shi kaɗai suke yi, akwai kuma na gargajiya da suka buɗe masa sashe daban. Bazan faɗi sunan wanda na yi da su ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata. Yadda tsarin yake kuwa, kuɗin da ka biya gudummawa ce ka zuba a asusun haɗaka, tabarru'i suke ce masa, kamfanin wakili ne kawai yana ɗaukar ladan wakilcinsa, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗiba daga asusun a biya shi, in shekara ta ƙare da rara a raba wa waɗanda basu karɓi diyya ba. Kusan kamar gayya dai, yau a gonarka gobe a gonar wani. Wannan ɓangaren ya kwanta min sosai kuma ejan ɗin ya iya bayaninsa, ba yabo ba.

Kuɗin shekara bai tsorata ni ba gaskiya, duka kayan nan abin da na biya bai kai kuɗin 50mm ɗin na hannu ba. Amma sai ka biya duka kafin kariya ta fara, babu zancen ka kawo rabi ka cika ƙarshen wata, doka ce tun ta 2003 kuma daga 2013 aka tsaurara ta, ba kuɗi ba kariya. Kada wani ejan ya ce maka ai ba komai Alhaji mun riga mun saka ka, ka tabbata takardar ta zo hannunka da kwanan wata a jiki.

Inda aka fara jan ƙafa shi ne rasit. Mu nan waye yake sayen kyamara sabuwa a kwali? Yawanci ta hannu ce, wani ya taho da ita daga Dubai ko Ingila, ko ka yi ciniki da ɗan kasuwar Alaba ko Computer Village ta Legas ta WhatsApp ya saka maka a motar dare, rasit ɗin da zaka samu in ma akwai shi ne alat ɗin banki. Su kuma suna son shaidar mallaka da shaidar ƙima. Abin da ya fisshe ni shi ne takardar rantsuwa ta kotu, da hoton kowane kaya ɗaya bayan ɗaya da lambar siriyal a fili, ta bodi, wato kyamarar kanta ba lensi, tana ƙasa kusa da inda ake ɗaura ƙafa, ta lensi tana jikin gangar ko wajen bakin da ke shiga kyamara, wata ƙanana ce sai ka haska da tocilan waya. Wani abin da ma'aikatan basu sani ba har sai da na nuna musu a laftof, Canon tana rubuta lambar bodi a cikin bayanan da ke ɓoye a jikin kowane hoto, kenan tsoffin hotunanka shaida ne cewa kyamarar nan ta daɗe a hannunka. Kuma duk abin da baka rubuta a jerin kayan da ka yiwa inshora ba babu shi, ko da batir ne ko filasha, ba ruwansu da cewa a jaka ɗaya suke.

To sai shafin abubuwan da basa biya, wanda ejan ya wuce shi da gudu kamar ana korarsa, ni kuma na zauna a gida na bi shi layi layi. Wannan shafin shi ne ainihin kayan da ka saya, ba ƙasidar talla mai hoton iyali suna murmushi ba. Basa biyan lalacewa ta tsufa ko wadda ta zo a hankali, kenan ƙurar hunturu da take shiga cikin zum, wato abin da ke jawo nesa kusa a lensi, tana ƙara kamar yashi, ko ta kwanta a kan sensa, wato abin da ke kama hoton a cikin kyamara, naka ne. Fumfunar da take tsirowa a cikin gilashi da damina in ka bar lensi a jaka a ɗaki mai laima, naka ne. Shota, wato abin da ke buɗewa ya rufe duk ɗauka, ta mutu don kanta, ita 80D an ƙiyasta mata ɗauka wajen 100,000, in ta cika kwananta naka ne. Ka bar jaka a kujerar baya ka shiga masallaci aka fasa gilashi aka ɗauke, basa biya, sai in a but take a kulle kuma akwai alamar ɓalle. Ka manta ta a adaidaita sahu, a tawa takardar wannan ma babu. Tarzoma da zanga-zanga babu sai ka ƙara kuɗi. Jami'in tsaro ya ƙwace don ka ɗauki hoton inda bai so ba, babu. Kuma iyakarta Najeriya, ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram ko ka tafi Umara da ita sai ka sanar an faɗaɗa maka tukunna.

Mai karatu zai ce to me ya rage? Faɗuwa ta rage, da faɗawa ruwa, da gobara, da fasa gida, da ƙwace da makami, kuma duk wanda ke zaune a Kano ya san wannan na ƙarshen ba labari bane, masu ƙwacen waya basu ƙi kyamara ba.

Amma wanda ya fi shafarmu mu 'yan sha'awa shi ne layin da ya ce ba a amfani da kayan don kasuwanci. Nan na tsayar da ejan nace Malam tsaya, ni duk bikin da za a yi a dangi ni ake kira, kamu, wuni, ɗaurin aure, suna, kuma in an gama kawu ko gwaggo sai sun cusa min wani abu a aljihu sunce na mai, shin wannan kasuwanci ne? Ya yi dariya yace haba Yallaɓai ai wannan ba komai bane. Nace to rubuta min. Nan fa dariyar ta tsaya, sai da ya koma ya tambayi na sama da shi, amsar da ta dawo ta imel ita ce kyauta ba matsala, amma in an yi ciniki an tsayar da farashi kafin aiki, ko kana tallata kanka a Instagram da lambar waya, ko ka bada hayar kayan, to ka zama mai sana'a kuma kuɗinka daban ne. Wannan imel ɗin har yau yana ajiye. Kuma a ganina duk wanda ya san ya fara karɓar ɗan aiki nan da can gara ya faɗa tun farko ya biya ƙarin, don ranar neman diyya shafinka zasu fara buɗewa, kuma in suka ga rubutun a tuntuɓe mu don biki to shikenan magana ta ƙare.

Na shiga tsarin kafin tsakiyar 2023, tsautsayin kuma ya zo a hawan Daushe na ƙaramar Sallar da ta biyo baya, ta 2024. Ina tsaye a Ƙofar Kudu, babban lensin a kan sanda mai ƙafa ɗaya, ina jiran mahaya su sako dawakai don jafi, sai 'yan bindiga suka saki harbi, wani doki ya tsorata ya yi gefe, jama'ar gaba suka yo baya gaba ɗaya, wani yaro ya taka ƙafar sandar, ni dai na riƙe bodin saboda igiyar tana wuyana amma lensin ya ɓalle daga sandar bakinsa ya daki ƙasa. Murfin gaba ya tsage, zum ya maƙale a wajen 300 ba gaba ba baya, in ka taɓa maɓalli sai injin fokas ya yi ta gurnani ba ya kama komai. Ofis a rufe ana hutun Sallah, amma takardar ta ce a sanar nan take, don haka a daren na tura hotunan ɓarnar ta imel da WhatsApp ɗin ejan, kuma daga baya wannan kwanan watan suka yi aiki da shi, a nan na yaba musu.

Mai tantance asarar da suka turo mutumin kirki ne amma tambayarsa ta farko ita ce, ranka ya daɗe turmutsutsu ne ko rikici ne? Na gane inda ya dosa, in rikici ne an faɗa layin tarzoma babu ko sisi. Allah ya taimake ni abokina yana gefe yana ɗaukar bidiyo da waya, ana ganin dokin, ana ganin mutane suna dariya bayan an lafa. Ya kalla ya gyaɗa kai ya rubuta. Tambaya ta biyu, wa ya ɗauke ka aiki ranar? Nace babu, na buɗe masa imel ɗin nan. Tunda ba sata bace basu nemi takardar 'yan sanda ba, in sata ce ko ƙwace dole sai da ita.

Wahalar da ta biyo baya ita ce takardar ƙiyasin gyara. Masu gyaran kyamara na Kano akwai gwanaye wallahi, amma mutum ne da tebur da sukundireba da fitila, ba shi da takarda mai tambarin kamfani, su kuma ita suke so. Dole na tura lensin Legas, kuɗin aikawa da dawowa daga aljihuna, kuma babu inda aka rubuta min haka tun farko.

Sai lissafi, wanda shi ne ya ƙona min rai. Ƙimar da aka rubuta wa lensin ta farkon shiga ce, kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin dalar gwamnati tana wajen 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma kayan hoto duk da dala ake shigo dasu. A takardar akwai wani sharaɗi da ke cewa in ƙimar da ka rubuta bata kai ainihin ƙimar kayan a ranar asara ba, to kai ma ka ɗauki kason gibin. Misali don a gane, ka rubuta 500,000, ranar da ya faɗi kuɗinsa a kasuwa miliyan ɗaya, gyara ya kama 200,000, to 100,000 zasu lissafa maka tunda rabin ƙimar ka yiwa kariya, sannan daga ciki a cire kason farko da kowane mai neman diyya yake ɗauka da kansa. Haka aka yi min, abin da ya shigo asusuna bai kai rabin kuɗin gyara ba. A ƙa'ida basu cuce ni ba, a rubuce yake. Amma kamfanin da yake da lambata, yake turo min barka da Juma'a duk sati, ya ga naira tana zubewa wata da watanni, bai taɓa turo layi ɗaya yace ku zo ku sabunta ƙimar kayanku ba, alhali ana iya yi a tsakiyar shekara da ɗan ƙarin kuɗi kaɗan, wannan kam sakaci ne, kuma ga kamfanin da ke kiran kansa wakilina abin ya fi ciwo.

Biyan kansa ya ɗauki makonni, da kira da a ƙara haƙuri Yallaɓai fayil ɗin yana hedikwata. Bayan na sa hannu a takardar amincewa da adadin ne abin ya yi sauri, dokar 2003 da ake aiki da ita a lokacin ta basu kwana 90 daga fitar wannan takarda kuma basu kai ko kusa ba. Wanda aka ja wa rai fiye da haka NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ni ban kai can ba. Rarar ƙarshen shekara kuwa ban samu ba tunda na karɓi diyya, wannan da ma na sani.

In maki ake so, uku cikin biyar nake basu. Wanda kayansa bodi ɗaya ne da lensin da ya zo da shi, kuma daga gida sai gidan biki, ni ban ga ribar ba, kason farkon nan kaɗai zai cinye yawancin ƙananan gyare-gyare, gara ya sayi jaka mai kyau da igiya mai ƙarfi ya riƙa ajiye wani abu a gefe. Amma mai dogon lensi da yake shiga cunkoso ko kwalekwale ko yake dawowa gida bayan magariba da jaka a baya, ya yi. Na sabunta tawa, na cire 50mm da filasha daga jerin don basu kai a wahala a kansu ba, na ɗaga ƙimar Sigma da bodin zuwa farashin ranar, na biya ƙarin tarzoma, kuma yanzu duk sanda dala ta yi wani tsalle ni nake kiransu. Na tambaye su ko zasu saka ɗan ƙaramin jirgin ɗaukar hoto da nake shirin saya, sukace sai na kawo takardar izinin hukumar jiragen sama ta NCAA tukunna, don haka shi yana nan a jerin buri.