Blackmagic Pocket 4K a hannun mai shirya fim da kuɗin aljihunsa

Tun fitowarta a 2018 ake rububin wannan kyamara, kuma ta cancanta. Tana ɗaukar 4K a tsarin Blackmagic RAW ko ProRes, hoton yana jure gyaran launi, ga lasisin DaVinci Resolve Studio, manhajar tace bidiyo da gyaran launi, da ke zuwa tare da ita. ISO ɗinta na asali, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske, biyu ne, 400 da 3200. Idan haske ya yi ƙaranci, a tsallake 1000 a hau 1250, don can ne mataki na biyu yake farawa, hoton ya fi tsabta.

Batir ne babban aibinta. Batirinta, LP-E6, da ƙyar yake kai awa ɗaya, sai a haɗa kyamarar da babban batirin V-mount ta kafar 12V. Ɗauka a kan SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta waje, ta USB-C ya fi katin CFast sauƙin kuɗi, amma dole a ɗaure wayar a jikin keji, wato ƙarfen da ake kewaye kyamarar da shi. Wayar tana motsi ɗauka ta yanke, wataƙila a tsakiyar fitowar da ba za a iya maimaitawa ba.

Kyamarar ba ta bin fuska da fokas da kanta, ba ta rage girgiza, allonta ba ya juyawa. Mai aiki shi kaɗai zai sha wuya. Wanda ke da mai riƙe masa fokas zai more ta.