Allurar Sinawa a tsakanin kafaɗu: yadda ta kaya da ni a Guangzhou

Duk wanda ke zuwa sarin kaya Guangzhou ya san ciwon da nake nufi. Ga zaman jirgi, ga yini kana duƙe kan waya kana lissafi, ga jakar samfur rataye a kafaɗa ɗaya tun safe. Nawa ya sauka ne tsakanin allon kafaɗar dama da ƙashin baya, kamar an kafa ƙusa an bar ta. Man zafi bai yi ba, maganin kemis ya yi na awa biyu ya sake ni. Tafintanmu a unguwar Xiaobei ne ya ce, "Alhaji, tashi mu je a yi maka allurar gargajiya." Na bi shi da rabin zuciya.

Likitan bai fara da allura ba. Ya riƙe tsintsiyar hannuna yana jin bugun jini, ya sa na fito da harshe, sannan ya ce in zauna in miƙa hannuwa gaba in rungume matashin kai, don allon kafaɗa ya buɗe. Ya lalubo ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya, ya ƙirga ƙasa zuwa gaɓa ta 4 ta ƙashin baya, ya auna faɗin yatsu huɗu gefe, ya danna. Wallahi saura kaɗan in miƙe tsaye. Daidai bakin ƙusar ya taɓa.

Sunan wurin Gaohuang, na 43 a layin guraben soka allura da likitocin Sinawa suke dangantawa da mafitsara. Yana cikin gurabe 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita matsayinsu a 2008. Sinawa na ji da shi ƙwarai: in suka ce cuta ta shiga gaohuang, nufinsu ta kai inda magani ba ya isa, kuma tun zamanin daular Tang likitansu Sun Simiao ya yaba gasa wannan wuri da ɗumi. Ni dai ba tarihi ya kai ni ba.

Allurar siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, ba ruwan magani a cikinta, kuma a gabana ya yage ledarta. Shigarta bai kai cizon sauro ba. Sai da ya ɗan murza ta na ji wani nauyi mai tsami ya bazu har wuya. Na yamutsa fuska, shi kuwa ya yi murmushi, wai abin da ake nema ke nan, deqi suke ce masa. Na lura a karkace ya soka ta, kuma sama-sama. Da na sa tafinta ya tambaye shi dalili, sai ya ƙwanƙwasa bayana ya ce huhu na nan ƙasa kaɗan, in allura ta zarce za ta huda shi, iska ta taru a ƙirji, numfashi ya gagara. Daga nan ban ƙara ko motsi ba har minti 20 suka cika.

Bayan an cire, ya kunna wani sandan ganye mai kama da sigari yana kewaya wurin da ɗuminsa. Ganyen dangin tazargade ne, ƙamshin ma ya so ya yi kama, sai dai hayaƙin ya kama rigata har washegari. Ya rufe da ƙaho na kofin gilashi, ba tsaga ba jini. Dariya ta kusa kama ni: na ƙetare duniya na biya kuɗi don abin da wanzamin unguwarmu ke yi a zaure.

Ya yi aiki? A daren na yi barci a gefen dama, abin da na yi mako ban iya ba. Zuwa na uku ciwon ya ragu ƙwarai. Amma ba zan rantse allurar ce kaɗai ba, tunda a kwanakin na ajiye jakar, ga ɗumi, ga ƙaho, ga hutu. Maganar da likitan ya yi cewa wurin na ƙarfafa huhu da maganin kasala kuwa, ban ga alama a jikina ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne teburin biyan kuɗi. Matar da ke wurin ta dage sai na biya na zuwa goma a dunƙule, ta haɗa min da ƙullin saiwoyin da ban nema ba. Na biya na uku, na bar mata saiwoyinta.

Wata biyu da dawowata Kano, ina zaune a shago kan kujerar roba ina duba saƙonnin abokan ciniki, ƙusar ta fara leƙowa. Wani maƙwabci ya ce ya san mai yin irin wannan allura a gida, da araha. Na tuna ƙwanƙwasar nan da likita ya yi min a baya, na ce masa na gode, na aika yaro ya sayo min kujera mai majingina.