Mai ne ko wuta? Amsa ga mai FJ60 da ke mutuwa a hanya

Malam, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka ce ka sayi Land Cruiser FJ60 ta 1984 mai shan fetur, wadda ta daɗe a ajiye kafin ta shigo hannunka. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma da ta ɗauki zafi a hanya sai ta mutu, ba ta kuma tashi sai ta huta. Bakanike ya ce a canja kafireta, mai wayarin ya ce kwil ne, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir don ta haifar da tartsatsi a fulogi, kai kuma kana tambayar wa za ka bi.

Kada ka sayi komai tukuna. Kowannensu ya ambaci abin da hannunsa ya saba taɓawa ne, kuma da alama a gareji suka ga motar, tana lafiyarta. Injin 2F da ke cikinta, mai silinda 6 da lita 4.2, ba shi da kwamfutar da za a jona ta faɗi laifi. Sai dai a kama shi a daidai lokacin da ya mutu.

Fara da yadda take mutuwar. In mai ne ya yanke, tana ba da sanarwa: ƙarfi ya ragu, ta riƙa fizga, musamman a hawa ko in ka danne totur, kuma in ka yi ta famfa totur ɗin takan ɗan farfaɗo kafin ta sake shaƙewa. In wuta ce, galibi ɗif take yi kamar an murɗe makulli, wani lokaci da ƙarar fashewa a salansa, famfa totur kuwa ba ya ƙara mata komai. Na ce galibi, domin kwandansa, ƙaramin kayan wuta da ke jikin distiributa mai raba wa fulogi wuta, in yana da ciwo yakan kawo fizga irin ta yunwar mai, ya ruɗi ko da ƙwararre.

Hutun da take nema shi ne ya raba kan masu gyaran naka, don kowane ɓangare yana da hujja a ciki. Kwil in ya gaji, zafi ne ke kashe shi, sai ya huce yake dawowa, kuma da ya huce motar ta tashi nan take. A ɓangaren mai, dattin da ya toshe hanya ne ke saki in injin ya tsaya. Takan tashi da wuri, amma sai an ɗan jima ana bugawa, saboda famfon manta na inji ne, sai injin na juyawa yake cika kafireta.

To, ranar da ta sake mutuwa, ka gangara gefe ka buɗe bonet tun tana da zafi. In kafiretarta ta asali ce, wato ƙirar kamfanin Aisan, akwai ɗan gilashi a jikinta da ke nuna mai. Ya kamata man ya tsaya wajen tsakiya. In babu komai a gilashin, magana ta ƙare, mai ne. In man na nan, ka zare wayar tsakiya daga kan distiributa, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, nesa da kafireta, wani ya buga maka. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. In ja ne mai rauni ko babu gaba ɗaya, matsalar wuta ce, ɓangaren mai wayarin ke nan.

Ni dai, a motar da ta sha ajiya, zargina ya fi karkata ga mai, kuma ba kafireta nake nufi ba, tanki nake nufi. Tankin nan na lita 90 in ya zauna shekaru rabi-rabi, raɓa na taruwa a cikinsa, tsatsa ta kama, tsohon fetur ya zama danƙo. Yanzu da ka fara hawa, girgizar hanya tana tayar da wannan garin tsatsa, famfo yana zuƙo shi. Ka cire filta ka yanka ta gida biyu. In ka ga jan gari kamar na bulo, sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba sabuwar filtar ma kwana kaɗan za ta yi. Akwai gwaji na kyauta kuma: da ta mutu ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, motar kuma ta tashi, hanyar numfashin tankin ce ta toshe.

Zafi ma yana yanke mai ba tare da datti ba. A 2F, hanyar shigar iska da ta fitar hayaƙi gefe ɗaya suke, kafireta tana zaune a samansu. In wani ya taɓa canja tiyon mai ya bi da shi kusa da wurin, a zafin bazara fetur ɗin kan tafasa a ciki, famfo ya riƙa tura tururi. Tsumma mai ruwa a kan famfo da tiyo yakan tashe ta cikin ɗan lokaci. Ka kuma zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina. Warin fetur a jiki yakan nuna robar cikin famfon ta fashe.

Ɓangaren wuta bai kai haka tsawo ba. In motarka mai kwantak ce, wato ƙarafan cikin distiributa da ke haɗuwa suna rabuwa don yanke wuta, tazararsa milimita 0.45, ta fulogi 0.8. Abin da ya fi yawa a motocin da suka bi hannu da yawa shi ne a tarar an tsallake ɗan farin rizistan da ke gefen kwil, mai rage masa ƙarfin wuta, an ba kwil ɗin cikakkiyar wutar batir alhali ba don ita aka yi shi ba. Zai yi ta aiki yana ƙuna har ya riƙa ɗaukewa. Kafin ka saya, ari kwil mai kyau irin nasa ka yi tafiyar gwaji.

Abu ɗaya ba ka faɗa ba: a guje take mutuwa, ko sai ka saki totur za ka tsaya? In sai ka saki totur ne, ka duba solanoyid ɗin da ke jikin kafireta, wato ɗan bawul mai aiki da wuta da ke buɗe hanyar mai. Kunna makulli, ka zare wayarsa ka mayar, za ka ji ƙas. In shiru, shi ne ke hana ta mai a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba, wanda ya kamata ya zauna wajen juyi 650 a minti. Tsofaffin tiyoyin iska da suka tsattsage su ma haka suke yi.

Kafireta kuwa, ko ita ce mai laifin, a kwance ta a wanke, a sa mata sababbin robobi da gaskit. Kada ka yarda a karɓe maka Aisan a ɗora maka kwaikwayo. Ka dawo mana da abin da ka gani a gilashin da cikin filtar, daga nan mu san ta ina za a fara kwancewa.