Keken tudu mai taya inci 29: wanne ya kamata ka saya?

Keken tudun da ake rubuta wa XC (cross-country, wato na ratsa daji) an ƙera shi ne don ka hau tudu, ka gangara, ka bi siririyar hanya mai duwatsu da saiwoyi, ka yi nisa numfashinka bai ƙare ba. Ba na masu dirowa daga kan dutse ba ne. Shi ya sa aka rage wa komai nasa nauyi, kuma kusan duk wanda ka ɗaga a yau za ka tarar tayarsa inci 29 ce.

Musun girman taya ya riga ya mutu. Shekara da shekaru inci 26 ke mulki, sai a 1999 kamfanin WTB ya fito da taya mai inci 29, ba a jima ba kamfanin Gary Fisher ya fara sayar da kekunan da ke ɗaukarta. Da farko raina su aka yi, wai sun cika girma, ba sa shan kwana. A 2011 Jaroslav Kulhavý ɗan Jamhuriyar Cek ya ci gasar duniya a kan mai 29, ya ƙara da zinariyar Olamfik a Landan a 2012. Nino Schurter na Suwizalan, wanda ya zo na biyu a Landan a kan mai inci 27.5, shi ma ranar da ya ɗauki tasa zinariyar a Rio a 2016 kan 29 yake. Dalilin a fili yake: babbar taya ba ta cin karo da dutse gaba da gaba, hawa kansa take yi, ba ta faɗawa ƙananan ramuka sosai, kuma in ta ɗauki gudu tana riƙewa. Inda take da rauni shi ne tashin farko da matsattsiyar kwana. Wanda yake gajere ƙwarai kaɗai zan ce ya duba mai 27.5, don wasu kamfanoni suna sa ta a ƙananan firam.

Zaɓin da zai ci maka tunani, ya kuma ci aljihu, shi ne na shokozoba: a gaba kaɗai, ko gaba da baya?

Mai shokozoba a gaba kaɗai ya fi sauƙin nauyi, yawanci da kilo ɗaya ko fiye in darajarsu ɗaya. Duk ƙarfin da ka sa a feda yana tafiya kai tsaye tayar baya, don haka a hawan tudu mai sumul ba ya wasa. Ba shi da mahaɗai da boris a bayan firam da za su sassauce su fara ƙara. Amma ka shiga gargada da shi na awa biyu, ƙugunka da cinyoyinka ne za su yi aikin shokozobar da babu. Tayar baya tana tsalle a kan saiwoyi, kana tsakiyar hawa sai ka ji ta zame, ƙafa ta sauka ƙasa.

Mai gaba da baya yana lotsawa milimita 100 zuwa 120 a kowane ɓangare, tayar tana manne da ƙasa, kana zaune kana tuƙi a wurin da mai ɗayan keken ya miƙe tsaye yana kare kansa. Hanyoyin gasa sun ƙara tsauri a 'yan shekarun nan, shi ya sa yawancin ƙwararru suka koma kansa. Sai dai su akwai makanike a bayansu. Kai kuwa shokozoba biyu za ka riƙa kai wa sabis, ga boris ɗin mahaɗai da ruwa da ƙura ke ci.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. In kuɗinka a ƙirge yake, mai gaba kaɗai mai kyau ya fi mai gaba da baya na araha nesa ba kusa ba. Na arahan nan nauyi ne da su, bayansu yana ta lilo duk bugun feda, ƙarfinka na zubewa a banza. Mai gaba da baya sai in hanyarka duwatsu ce zalla, ko kana yin doguwar tafiya, ko bayanka ba ya jure bugu, kuma kana da halin sayen na ƙwarai.

Firam fa, kabon ko alminiyam? Kabon ya fi sauƙi, na gasa mai shokozoba ɗaya yana sauka wajen kilo 9 zuwa 10, na alminiyam na masu farawa kuwa kilo 12 zuwa 14. Amma ba firam ne ya kawo duk wannan tazarar ba, yawancinta a wili da fok (ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba, inda shokozobar gaba take) da sauran kaya take. Kamfanoni sun san ido na bin kabon, sai su ɗora masa fok da wili na ƙasa-ƙasa don farashi ya daidaita. Firam ɗin alminiyam da kaya masu kyau ya fi wannan daɗin hawa.

Fok ɗin gaba shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. Akwai mai sifirin ƙarfe, akwai mai iska. Mai iska ya fi sauƙi, kuma da ɗan famfonsa za ka daidaita shi da nauyin jikinka: ka hau ka zauna, ka ga ya lotsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa, shi ke nan. Mai sifirin ƙarfe na araha yadda ya zo haka za ka zauna da shi, mara nauyi ya ji shi kamar sanda, mai ƙiba ya danne shi har ƙasa. RockShox SID da Fox 32 su ne sanannu a sama, ƙannensu masu iska ma suna aiki. Ka tambayi ko yana da makullin da ke hana shi lotsawa a hawan tudu. Ka kuma sani RockShox na son a yi wa ƙasan fok ƙaramin sabis duk bayan awa 50 na hawa, abin da masu saye da yawa ba sa ji sai mai ya fara tsiyaya.

Nauyin da ke juyawa ya fi na firam damun ƙafa, musamman a babbar taya, don duk fitowa daga kwana sai ka sake tayar da shi. Nemi wili da taya da ke aiki ba tif, ana zuba musu ruwan liƙi a ciki. Ƙaya ta huda, ruwan ya toshe wurin kana tafe, kuma za ka iya rage iska zuwa wajen psi 20 zuwa 25 a ma'aunin famfo, tayar ta kama ƙasa da kyau. Ruwan yana bushewa, duk 'yan watanni sai an ƙara. Faɗin inci 2.25 zuwa 2.4 ya wadatar.

Giya ba ta da wani dogon bayani: faranti ɗaya a gaba, 12 a baya, tsarin da kamfanin kayan keke na SRAM ya kawo a 2016, na Shimano ya biyo. Babban na baya yana da haƙora 50 zuwa 52, ya isa kowane tudu in na gaba bai wuce 32 ba. Birki ya zama na faifai mai aiki da mai, ba na waya ba. Sirdi mai sauka da danna maɓalli yana ƙara nauyi kaɗan, amma a gangare mai tsayi ya cancanci nauyinsa, ko ba ka saya yanzu ba ka tabbata firam ɗin zai karɓa.

In na hannu za ka saya, ka kula da tsofaffin 29. Wuyansu a miƙe yake, digiri 70 ko 71, gangare ya yi tsanani sai ka ji kamar zai kifar da kai ta kan keke. Na yanzu 66 zuwa 68 ne, sun fi natsuwa. Ka shafa sandunan fok ka ji ko akwai ƙarzuwa, ka riƙe tayar baya ka girgiza gefe da gefe ka ji ko boris ya saki, ka haska firam ɗin kabon da tocila a wuya da ƙarƙashin feda ka nemi tsaga. Sannan ka hau. Jadawalin tsayi na kowane kamfani daban ne, matsakaicin wani babban wani ne, kuma keken da ya fi ƙarfinka ko ya matse ka babu kayan da za ka sauya su gyara shi.