Wajen gashin gwiwa da na kai Umma a Makka, abin da na gani cikin wata biyu

Mutane da yawa sun kira ni suna tambaya wai ina na kai Umma da har aka gan ta a Harami tana ɗawafi da ƙafarta, to bari dai in rubuta gaba ɗaya in huta da maimaici. Sunan wajen ba zan sa ba don akwai ƙorafi a maganata kuma ban so a ce na ɓata wa mutane kasuwa, amma ƙaramin markaz ne na ilaj ɗabi'i, wato gashi, yana hawa na biyu a wani gini can wajen Rusaifa, daga Shari'a Mansur inda muke ba wani nisa in ba cunkoso.

Umma shekararta 64 kuma gwiwar nan ta kai shekara biyar tana damun ta, mu dai sanyi muke cewa. Ba abin da ba mu yi ba, man zafi, habbatus sauda da man zaitun, ƙaho sau biyu, ga ƙwayoyin kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da take aiken yara saidaliyya, wato kemis, su sayo tana sha kamar gyaɗa, har sai da ciki ya fara yi mata zafi likita ya ce ta daina, wai suna cin ciki suna taɓa ƙoda kuma suna ɗaga hawan jini, ita kuwa dama tana da shi. Sujada ta gagare ta, zaman tahiya ya gagare ta, in za ta sauko bene sai ta juya gefe tana dafa bango, in ta miƙe daga zaune kana jin gwiwar tana ƙaras ƙaras. Azumin da ya wuce a arabiyya, wato keken tura marasa lafiya, muka tura ta ɗawafi, muna fitowa ta sa gefen mayafi tana share hawaye, ranar na ce a'a abin nan ya isa.

Likitan ƙashi ne ya fara ganin ta, ya sa aka yi hoton gwiwa tana tsaye, ya duba ya ce khushuna ce, wato zaizayewar gaɓa, ku je gashi jalsa (zama) goma sha biyu, shi ke nan bayaninsa minti uku bai kai ba. Bayanin gaske a markaz ɗin nan muka same shi, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake yaba musu. Wadda aka ba mu a ɓangaren mata 'yar Sudan ce, ashe kakanninta Hausawan Mai Wurno ne, tana jin Hausa irin tasu mai gauraye da Larabci, da ta ji ina fassara wa Umma sai kawai ta ce "Hajiya ina gajiya", wallahi Umma kamar ta rungume ta.

Ta ɗauko gwiwar roba ta ajiye a cinyar Umma ta ce Hajiya kin san farin abin nan mai santsi da ke kan ƙashin cinyar kaza, wanda yara ke gurgura? Guringuntsi, to shi ne a bakin ƙasusuwan gwiwarki, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Da shekaru da nauyi da tsohon rauni sai ya riƙa laushi yana tsagewa yana sirancewa, kuma ba jijiyar jini a cikinsa shi ya sa in ya ci ba ya komawa yadda yake. Ƙashin da ke ƙasa sai ya yi kauri ya fitar da 'yan tsiro a gefe, fatar da ta lulluɓe gaɓar ta ciki ta riƙa kumbura tana tara ruwa. Ta ɗaga hoton ta nuna mana yadda tazarar ɓangaren ciki ta matse fiye da ta waje, ta ce shi ya sa ƙafar ta fara gwamewa. Ni kaina sai ranar na gane abin da muke kira sanyi ba wani sanyi ne ya shiga ƙashi ba.

Abin da ya burge ni kuma ba ta ɗauka duk ciwon gaɓa ɗaya ne ba. Ta tambayi Umma in ta tashi da asuba minti nawa gwiwar ke yi a sandare, Umma ta ce kafin ta gama alwala ta saki. Ta ce to wannan alamar khushuna ce, yawanci ba ta wuce rabin awa, amma da a ce yatsun hannu biyu ne ke kumbura tare suna sandarewa awa guda ko fiye da safe to wannan rumatoyid ne, garkuwar jiki ce ke yaƙar gaɓoɓi, shi sai likitansa da magani irin methotrexate da ake sha sau ɗaya a sati, kuma jinkiri yana lalata gaɓa. Akwai kuma nigris mai kama babban yatsan ƙafa cikin dare saboda taruwar sinadarin yurik asid, na masu yawan nama, nan na tuna kawunmu da mandinsa, shinkafa da naman nan. Umma ta ce ita dai ta ɗauka hannu aka sa mata, matar ta yi dariya ta ce Hajiya to wanda ya yi miki ya yi wa rabin tsofaffin Makka. Daga baya na ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019 mutum kusan miliyan 528 ke da khushuna irin ta Umma, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa.

Jalsar kanta wajen minti arba'in da biyar ce. Su fara ɗora abin ɗumi, sai na'urar nan mai wayoyi da ake liƙawa tana tsikarar fata, ita Umma ta fi so don kwanciya kawai take. Amma matar nan tun ranar farko ta gaya mana gaskiya, ta ce na'ura lallashi ce kawai, aikin yana naman cinya, in ya yi ƙarfi shi ke ɗauke wa gwiwa kaya. Sai a naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwa ta danna ta ƙirga goma, ta ɗaga ƙafa a miƙe tana kwance, ta tashi daga kujera ta zauna ba dafawa, daga baya har keken da ba ya tafiya suka ɗora ta, tana tuƙawa tana cewa 'yar nan in ƙawayena suka gan ni na shiga uku. Ta ce mana guringuntsi kamar soso yake, motsi ne ke matsa shi ya sha ruwan gaɓa, zaman da Umma ke yi wuni guda wai tana hutar da ƙafa ƙara mata ciwo yake.

Maganar nauyi ce dai suka ɗan yi tsama. Ta ce duk kilo ɗaya na jiki gwiwa tana jin sa kamar huɗu in ana tafiya, Umma kilo 88 take, kuma ba ta wasa da kabsa da tamis da shayi mai sukari cokali uku. Fushi ta yi har gida, amma yanzu tana 84. Sanda ma ashe duk shekarun nan a hannun da ba daidai ba take riƙewa, a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo ake riƙe ta. Sallah a kujera kuwa ni na sha fama, sai da na tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini na cewa in ba ka iya tsaye ba ka yi a zaune sannan ta yarda.

To ga inda suka ba ni haushi. Mau'idi a wajen nan sunansa kawai, a ba ka ƙarfe biyar ka shiga shida saura, tsohuwa na zaune kan kujerar roba a ƙarƙashin mukayyif, wato AC, gwiwa na ƙara sandarewa. Akwai satin da lif ya lalace kwana huɗu, wajen masu ciwon gwiwa fa, hawa biyu, sai da muka fasa jalsa biyu kuma da ƙyar suka yarda suka mayar mana. Na kan kanta kuma kullum sai ya tallata mana bakej na jalsa ashirin da huɗu da wasu ƙwayoyi masu tsada wai suna tsirar da guringuntsi, alhali ma'aikaciyarsu da bakinta ta ce ba ya tsirowa. Rana ɗaya 'yar Sudan ɗin ba ta zo ba aka haɗa mu da wata, ta liƙa wayoyi ta koma kan wayarta har lokaci ya cika, ko ƙafa ba ta sa Umma ta ɗaga ba. Kuɗi riyal 150 muke biya duk jalsa daga aljihu, ga mai ƙaramin ƙarfi ba kaɗan ba ne, shi ya sa da muka cika sha biyu na roƙi 'yar Sudan ɗin ta rubuta mana motsin a takarda muka ci gaba a gida, ita ma ta ce hakan ya wadatar, mu leƙo bayan wata guda.

Kar wani ya ce na ce Umma ta warke, ba ta warke ba. Har yanzu in ta daɗe tsaye a kicin gwiwar na kumbura, man shafawa na diclofenac take sawa maimakon ƙwaya, likita ya ce in ta tsananta akwai allurar kotizon da ke sauƙaƙawa na 'yan makonni amma ba a yawaita ta, aikin canza gwiwa kuma a bar shi sai in komai ya gaza. Kuma in gwiwa ta yi ja ta yi zafi ga zazzaɓi, wannan ba ta wajen gashi ba ce, asibiti za a nufa a ranar.

Wanda zai je ya nemi mau'idin safe, ya kafe sai an ba shi mai sa motsa jiki, mata su sa wando mai faɗi a ciki. In maki ne huɗu cikin biyar zan ba su, ukun ma na matar nan ne. Ɗawafin da aka gan ta tana yi bayan isha ne ranar Talata, zagaye bakwai da sanda a hannun hagu, mun tsaya sau biyu ta sha zamzam. Safa da Marwa dai ya haura kilomita uku, shi kam arabiyya muka kama.